Na Hana A Ɗinka Anko

Wheaton, Maryland

Alheri 'yata,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ko da yake ba ta da nisan tafiya, tunda ina rubuta ta a teburin cin abinci ina jin kina kokawa da zif ɗin akwatinki a ɗaki. Allah ya tsare fitarki ranar Asabar, ya tsare hanya, ya tsare direban, wanda ni ne, kin kuma san tuƙina yana bukatar addu'a.

Da Hausa na rubuta da gangan. In na ɗauko magana da Turanci, kafin in kai tsakiya kin ƙarasa min ita kin kuma ba ni amsa. Da Hausa dole ki bi ni a hankali, kamar yadda kike taka matakalar gidan nan ranar da ƙanƙara ta kwana a kai.

Ga abin da ke damuna. Ranar Asabar za mu kai ki gidan sistoci, matan nan da ke barin aure su bauta wa Allah, kin ce Allah ne ya kira ki. Ni kuwa tsoro nake kada ya zama ba shi ba ne, ni ne na yi shekara da shekaru ina kwaikwayon muryarsa a kunnenki. Ba zan ce miki kada ki tafi ba. Zan dai jera miki abin da na yi, ke ki duba da kanki.

Kina 'yar shekara huɗu muka iso ƙasar nan. Na bar ajin da nake koyarwa a Kafanchan na zo na zama mai jera littattafai a laburare, an ba kura ajiyar nama ke nan. A cikin wani kwalin tsofaffin littattafai da aka kawo kyauta na tsinci tarihin waliyyiyar da aka sa miki sunanta ranar baftisma, 'yar Faransar nan. Abin da ya kama ni ba mu'ujizai ba ne, gidansu ne. Uban mai gyaran agogo, uwar mai saƙa. Da asuba suna coci. Ranar Lahadi ko wane ne ya kawo agogonsa sai ya jira Litinin. Da yamma a zauna a karanta labarin waliyyai a yi addu'a tare. 'Ya'yansu mata da suka rayu kuwa duk sistoci suka zama. Na rufe littafin na dubi ɗakuna biyun da muke haya, na ce ai wannan ba wuya, kayan miya duk sun haɗu: ga uba, ga uwa, ga yarinya.

Na karanta wa mamarki. Ta saurara tana cire takalmin asibiti, ta ce, “Malam, littafin ya faɗi ko matar tana aikin dare?”

Na ce bai faɗa ba.

Ta ce, “To in ka kai shafin ka tashe ni.”

Da kai ki Mas, sujadar asuba a coci, na fara. Kin tuna? Ina kankare gilashin tsohuwar motarmu da murfin kaset, ke kina baya a dunƙule cikin riga uku kamar ƙullin magani. A coci sai ki durƙusa ki kifa goshi a kan benci, ba kya ko motsi. Wata tsohuwa baturiya ta tare ni a ƙofa ta ce ba ta taɓa ganin yarinya mai nutsuwa a addu'a kamarki ba. Na yi mata godiya ina washe baki. Ban gaya mata cewa miyan barcinki ya jiƙa min hannun riga ba. Sai da malamarku ta kira ta tambaya ko kina da wata lalura, don kullum kafin tara kin yi barci a kan tebur, sannan mamarki ta ƙwace mukullin motar.

To ki ji. Gajiya ba tsarki ba ce. Can za a tashe ki da ƙararrawa tun duhu, wannan ƙa'idarsu ce, ki bi. Amma in jikinki ya gaza, ki buɗe baki ki gaya wa babbar sista, kada ki kifa goshi ki bari a yaba miki. Ki ci abinci ki ƙoshi. Wanda ya halicci barci bai yi shi don arna kaɗai ba.

Sai maganar wake. A littafin, yaran gidan suna da wani ɗan carbi, duk sa'ad da ɗaya ta haƙura da wani abu saboda Allah sai ta ja ƙwaya guda. Ban sami irin carbin a shagon kayan ƙasarmu na nan Wheaton ba, sai na sayo wake, na wanke kwalabe biyu, ɗaya taki ɗaya ta ƙaninki Danjuma. Wanda ya yi haƙuri ko ya yi kyauta, ya jefa ƙwaya. Danjuma ya gane tun ranar farko cewa wake ba ya sayen komai, ya bar kwalbarsa ga gizo-gizo. Ke kuwa kika ɗauki abin kamar jarrabawa. Ki ba shi namanki, ƙwas, wake. Ki bar masa talabijin, ƙwas, wake. Ran nan na dawo aiki na ji ki a ɗaki kina ce masa da Turancinku na hanci, “Ka ɗan mintsine ni mana, zan yafe maka.”

Ya ce, “Me za ki ba ni?”

Kika ce, “Yafiya.”

Ya mintsine ki da gaske, kika kai masa duka, ranar babu wanda ya sami wake. Ƙarshen abin, wata Asabar mamarki ta tashi yin alale wakenta bai kai ba, ta juye kwalbarki a turmi. Muka cinye tsarkinki na wata da watanni da manja da yaji, ya kuma yi daɗi.

Mun sha ba da labarin nan muna dariya. Akwai abin da ba na haɗawa da shi in ina bayarwa. Duk lokacin da za ki jefa ƙwayar, ba kwalbar kike kallo ba, fuskata kike kallo. In ina karatu ban ɗago ba, sai ki riƙe ta a hannu ki jira. Ni na koya miki cewa alheri sai da mai shaida, mai shaidar kuma ni ne. Ki yi ƙoƙari ki manta da wannan karatu. In kin yi abin kirki a can, ki bar shi ya faɗi inda ba ya ƙara. In kuma kin ga kina riƙe da shi a hannu kina jiran wani ya ɗago, ki tambayi kanki wa kike jira.

Ba a gida kaɗai na tsaya ba. Kin san daren nan na ƙarshen Oktoba da yaran ƙasar nan ke shiga kayan dodanni suna bin ƙofa ƙofa ana ba su alewa. Kina aji biyu kika ce ke kyanwa za ki zama, har kin yanka kunnuwa da kwali. Na ce gidana ba a kiwon mage. Washegari idin dukan waliyyai ne, a coci yara kan yi shigar waliyyai, don haka na sa mamarki ta yanka wani tsohon zanenta mai ruwan ƙasa ta ɗinka miki rigar sista, na sayo furannin roba na danƙa miki. Ranar Lahadi na kai ki haka Mas ɗin mutanenmu a Landover. Matan zumunta suka yi ta guɗa. Mama Jummai, shugabarsu, ta ɗaga ki sama ta ce, “Ga Sista Ƙarama! Allah ya nuna mana ranar!” Sunan ya bi ki har kika gama jami'a. Wasu a Landover ba na jin sun san ana kiranki Alheri.

A mota muna komowa kika ce, “Baba, baɗi zan iya zama kyanwa?”

Na ce, “Allah ya kai mu.”

Allah ya kai mu, na sake fito da rigar, aka ƙara mata tsawo. Ba ki ƙara tambaya ba, ni kuma na ɗauka kin girma ne. Yanzu na san yaro in ya daina tambaya, sau da yawa ya gane amsar ce kawai. Saboda haka kada ki yarda wani ya raɗa miki sunan da bai tambaye ki ba, ko da kuwa da guɗa aka raɗa shi. Zanen aro ba ya rufe katara, in ji mutanenmu, ni kuwa na aro miki na wata yarinyar Faransa da ta rasu tun kakana bai yi wayo ba.

Amma in na tsaya nan na yi wa Allah rashin adalci, na kuma ɗauki kaina da girma fiye da yadda nake. Akwai abin da na gani a wurinki da ba ni na shuka ba. A littafin, uban kan ba 'yarsa sadaka ta miƙa wa mabukaci da hannunta in sun fita yawo. Ni ma na kwaikwaya. Akwai wani dattijo da ke tsayawa da kwali a mahaɗar hanya kusa da tashar Metro, in jar wuta ta tsayar da mu sai in ba ki kuɗi ki miƙa masa ta taga, ni ina kallon gaba kamar ba ruwana. Wata rana cikin tsananin sanyi kika miƙa, sai kika ƙi janye hannu. Kika tambaye shi sunansa. Ya faɗa. Kika cire safar hannunki sabuwa, wadda ko yatsunsa biyu ba za ta ɗauka ba, kika ba shi. Wuta ta ba da hannu, na baya suna ta hon, ni kuwa na yi miki faɗa tun daga nan har gida. Ba ki kalli fuskata ba ranar. Ba ki je wajen kwalba ba. Shekara nawa ina wuce mutumin nan, bai taɓa zuwa min a rai cewa yana da suna ba.

Wannan yarinyar ta mahaɗar hanya, in ita ce za ta tafi ranar Asabar, to ba ni da ta cewa sai amin. Matsalar ita ce ku biyu ne a riga ɗaya, ita da mai kwalbar wake, ni kuma ban san wadda ke haɗa akwatin ba. Mai yiwuwa ke ma ba ki sani ba tukuna. Shi ya sa sistocin suke ba mutum shekaru yana gwadawa kafin ya ɗauki alkawari. Sun fi ubanki hankali.

Kin san abokaina na yarinta suna kirana Fada Saura Ƙiris, kin kuma san dalili. Kakanki katikis ne, mai koyar da addini a coci, ya kai ni seminari ina yaro don in zama fada, ƙauye guda suka raka ni tasha da ganga. Na yi shekaru a can ina ƙaunar littattafai ina ƙin duk sauran abin. Da na tattara ƙarfin halina na dawo, kakarki ta zuba min tuwo ta ce in wanke hannu, ba ta tambaye ni komai ba. Kakanki kuwa damina ta shiga ta fita bai kira sunana ba. A kasuwa in na wuce sai a yi shiru, in na yi gaba a ci gaba. Na san wasu da muka shiga tare da suka zauna ba don an kira su ba, sai don ba su ga hanyar da za su bi su wuce masu gangar nan ba. Na ga abin da hakan ya mai da su, su da mutanen da aka ba su kiwo. Sai ga shi ni da na sha wannan, ni ne na zo Amurka na ɗauki ganga na rataya. Ana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ba a dai faɗi abin da ke faruwa in babban ya juya wa abin baya ba.

Da kika gaya mana shawararki, na sauko da littafin daga saman kabad don in yi murna da shi. Na karanta shi tun daga farko, wannan karon ba da alƙalamin ja a hannu ba. Ashe waliyyiyar tana ƙarama rigimammiya ce, in ta ƙi abu sai ta kwanta a ƙasa ta yi ta birgima, uwarta da kanta ta shaida. A karatun farko na tsallake wannan. Ashe kuma tana da wata yaya da ta shiga gidan sistoci ta kasa ta dawo gida, ta sake shiga ta sake dawowa. Uban nan da na yi shekara ashirin ina kwaikwayon tashinsa da asuba, ya karɓe ta, ta koma ɗakinta, ta ci abinci a teburinsa. Wannan shafin yana nan tun ranar farko. Ni da ake biya don in san inda kowane littafi yake, na karanta na wuce, don ba shi nake nema ba.

Shi ya kawo ni kan abin da na yi makon jiya, wanda na san zai iso kunnenki a karkace in ban faɗa miki ba. Mama Jummai ta tare ni a shagon kayan ƙasarmu tana riƙe da ƙyallen atamfa shuɗiya. Ta ce, “Baban Alheri, ka ga wadda muka zaɓa. Mata duka za su yi anko, maza hula. Lahadin da ke bayan tafiyarta za mu yi godiya, mu yi rawa har gaban bagadi. Mutanenmu na garin Annandale ma sun ce za su zo da shinkafa.”

Na ce, “Mama, a dakata.”

Ta ce, “A dakata da me? Telan yana jira.”

Na ce, “Da ankon, da rawar, da shinkafar. Yarinya za ta je ta duba ne. In ta ɗauki alkawari, ni zan fara shiga fili, ko da gwiwar nan tawa.”

Ta sauke tabarau ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, “Ikon Allah! Kai da ka shekara ashirin kana talla, yau kaya sun sami mai saye ka ce ba na sayarwa ba ne? Ko dai abin gado ne, Saura Ƙiris?”

Mai shagon ya sunkuya yana gyara doyar da ba ta bukatar gyara. Na ce, “Mama, in gado ne, to na gode wa Allah da ya ba ni abin da zan bar mata.”

Ta tafi ba sallama. Jiya a coci ta gaishe da mamarki ta tsallake ni kamar kwata. Ba komai, za ta huce, mace ce mai zuciyar kirki, ita ta yi jinyar mamarki lokacin haihuwar Danjuma. Ba ta yi laifi ba, abin da na koya musu suke yi. Amma na san anko. In mata suka biya tela suka ɗaura ɗankwali iri ɗaya suka yi rawa saboda ke, aka ɗauki hoto aka aika Kafanchan, to an toshe miki hanyar dawowa da atamfa. Duk ranar da zuciyarki ta ce wannan ba wurina ba ne, sai ki tuna shuɗin zanen nan a cikin akwatunan mutane ki haɗiye maganar. Ba zan bari a yi miki haka ba. Gara a tsallake ni a coci.

Saboda haka ga abin da nake roƙonki. Ki tafi da zuciya ɗaya, ki yi abin da aka sa ki, ki so matan da za ki tarar, har da wadda za ta riƙa tauna abinci da ƙara a kusa da ke, don ba a rasa irinta. In kina addu'a kika ji murya tana cewa ki zauna, ki saurara da kyau ki ji ko tana da harshen Kafanchan. In tana da shi, tawa ce, ba dole ki bi ba. In kin tabbata tasa ce, ki zauna, kada ki damu da mu. Mamarki za ta yi kuka a bayi ta fito ta ce mura ce, ni zan dame ki da wasiƙu masu tsawo, za mu rayu.

In kuwa ba tasa ba ce, ki kira. Ko bayan mako ne, ko bayan shekara uku. Ba sai kin shirya bayani ba, ba ni da bukatarsa, Allah kuma ya riga ya sani. Ki ce, “Baba, zo.” Danjuma ya riga ya auna ɗakinki da ido yana lissafin inda zai sa kayan motsa jikinsa, na gaya masa ko allura ya shigar sai na fitar da shi da ita. Zan zo in ɗauke ki da rana tsaka, ta babbar ƙofa, in ɗauki akwatin da kaina. Ranar Lahadi kuma mu je Landover tare mu zauna a bencin gaba, wanda ke da magana ya zo ya same ni.

Allah ya kiyaye ki a tafiya da zama. Ya ba ki kunnen da zai rarrabe muryarsa da ta kowa. Uwar Ubangijinmu ta rufa miki baya, waliyyiyar da kike ɗauke da sunanta ta yi miki roƙo, ita da yayarta. Allah ya yi miki albarka, Alheri, ko ta wace ƙofa kika fito.

Ki sa rigar sanyin nan mai kauri a sama, an ce wajen duwatsu ne.

Babanki